Yadda Ake Gane Ma'anonin Kalmar OK da Bin Diddigin Asalinta

Da wuya mutum ya wuni a kasuwa, ko a ofis, ko ma a ɗakinsa riƙe da waya, bai ci karo da kalmar OK ba. Mai POS yana miƙo maka na'ura ya ce ka sa lambar sirri ka danna kore, kuma sau da yawa haruffan nan biyu ne a kan koren maɓallin; rimot ɗin talabijin yana ɗauke da su a tsakiyarsa; yaron mota yana buga jikin bas ya ce "oke, mu je", ko da kuwa bai taɓa zama a aji ba. Kalmar ta Ingilishin Amurka ce, kuma ba ta cika shekara 200 a rubuce ba, amma ta shiga bakin mutanen da ba su jin ko "zo in kashe ka" da Turanci. Wannan bayani na wanda yake so ya riƙa amfani da ita a inda ta dace ne ba tare da ya ɓata wa kowa rai ba, ya kuma iya tantance labaran da ake bazawa game da inda ta fito, domin labaran suna da yawa, kuma waɗanda suka fi daɗi a kunne su ne suka fi rauni.

Ka fara da kula da inda ta faɗo a zance

Hanya mafi sauƙi ga mai jin Hausa ita ce ya auna OK da kalmarmu ta "to". Kowa ya san cewa "to" ɗin da yarinya take amsa wa mahaifiyarta idan an aike ta ba ɗaya yake da "to" ɗin da ɗan kasuwa yake ja a hankali sa'ad da aka yi masa tayin da bai kwanta masa ba, kuma dukansu biyu sun bambanta da "to, jama'a" da mai jawabi yake buɗe taro da shi. Muryar da aka ɗora wa kalmar da wurin da ta zauna su ne suke ba ta ma'ana. Haka OK take a bakin masu ita, saboda haka wanda ya haddace mata fassara guda daga ƙamus ya ɗauki guzurin da ba zai kai shi gari ba.

Ma'anar da aka fi sani ita ce amincewa: an nemi abu a wurinka, ka yarda, ka ce OK. Sai dai kusa da ita akwai wata da take kama da ita ƙwarai, kuma a nan ne ake yawan samun saɓani, wato OK mai nufin "na ji" kawai. Ka aika wa tela saƙo ana saura mako guda Sallah cewa kana son ɗinkinka ranar Alhamis, ya amsa da haruffan nan biyu. Kai ka ɗauka alkawari ya yi, shi kuwa abin da ya faɗa shi ne saƙonka ya iso. Ranar Alhamis ka je ka tarar da yadinka a ninke yadda ka kawo shi, ko alli ba a shata masa ba, kuma idan za a yi adalci ba za a ce ya yi maka ƙarya ba. Don haka duk maganar da ta shafi kuɗi, ko lokaci, ko alkawari, kada ka tsaya a kan OK. Ka sake tambaya har a ambata maka ranar ko adadin, kuma idan kai ne mai amsawa, ka ƙara kalmomin da za su nuna ko yarda ka yi ko ji kawai ka yi.

Idan kalmar ta zo tana siffanta wani abu, darajarta tana sauka ƙasa fiye da yadda yawancinmu muke zato. Ba'amurke ko mutumin Ingila da aka tambaya yadda abinci ya yi, ya ce "it was OK", bai yaba ba. Abin da ya ce shi ne ba yabo ba fallasa, an dai ci an tashi. Wannan tarko ne ga mai Hausa, domin mu idan muka ce abu "ya yi" to mun gama yabo, har "ba laifi" ma sau da yawa yabo ne da kunya ta rage masa ƙarfi, sai mutum ya kwashi wannan ɗabi'a ya zuba ta cikin Turanci. Ɗalibin da ya je karatu Ingila aka gayyace shi cin abinci, uwargida ta wuni a kicin, ya tashi ya ce mata abincin OK ne, ya sage mata gwiwa alhali shi a ransa santi yake yi. A irin wannan wuri kalmomin yabo na sosai ake nema, irin su "delicious" ko "excellent". Haka nan idan malami ko shugaban wurin aiki ya duba aikinka ya ce OK ne, ka fahimci cewa ya karɓa amma bai burge shi ba.

A wani wurin kuma lafiya take tambaya. Wanda ya ga ka yi tuntuɓe ya ce "are you OK?" yana nufin "sannu, ba ka ji ciwo ba?", amsar "I'm OK" kuma tana nufin babu abin damuwa. Amma wannan amsar tana da wata fuska mai rikita baƙo: idan an miƙa wa mutum shayi ya ce "I'm OK, thanks", ƙi ya yi cikin ladabi, daidai da "alhamdu lillahi, na ƙoshi", saboda haka kada ka zuba masa.

A harshen ofis kalmar takan zama suna ko aikatau, a ce shugaba ya ba da OK a kan takarda, wato ya sa hannu ya amince a ci gaba. Ragowar ayyukanta na juya akalar zance ne, kuma kunnen Bahaushe yana kama su da wuri tunda "to" tana yin irinsu. Malami yana faɗinta don ya rufe wani babi ya buɗe wani, mai waya yana faɗinta don ya nuna zai kashe, idan aka maimaita ta da sauri, "OK, OK", ma'anar ita ce na ji, ya isa haka, idan aka ja ƙarshenta, shakka ce ko mamaki, idan kuma ta zo a ƙarshen umarni da muryar tambaya, ta zama "ka ji ko?".

Akwai wurin da kalmar ba ta da gurbi ko kaɗan a wurinmu, wato amsa wa na gaba. Na taɓa zama kusa da wani dattijo da ya rubuta wa ɗan ƙanensa dogon saƙo game da shirin ɗaurin aure. Ya fara da sallama, ya tambayi iyali da aiki, sannan ya jero abin da yake so a yi, sai yaron, wanda ke tsakiyar aiki a lokacin, ya mayar masa da OK. Dattijon ya juyo da wayar ya nuna mini ya ce, "Malam, dubi amsar da yaron nan ya ba ni, kamar sa'ansa ne ya yi masa magana." Yaron bai yi nufin raini ba, kuma a tsakanin abokansa wannan amsa cikakkiya ce, sai dai kalmar ba ta ɗauke da girmamawa a jikinta, babba da yaro duk abu ɗaya take ce musu. Da ya rubuta "To, Baffa, na ji, in sha Allahu za a yi yadda ka ce", da bai ɗauke shi fiye da rabin minti ba.

Neman rubutu mafi tsufa

Idan an zo ga asali, dokar farko ita ce a ajiye abin da kunne ya ji daɗinsa a nemi takarda, wato rubutu mafi tsufa da kalmar ta bayyana a cikinsa, mai ɗauke da kwanan wata da babu gardama a kansa. Mutumin da ya yi wannan aiki a kan OK shi ne Allen Walker Read, farfesan Ingilishi a Jami'ar Columbia da ke New York, wanda ya bi tsofaffin jaridun Amurka shafi-shafi, ya kuma wallafa abin da ya samo a jerin maƙalu cikin mujallar American Speech a 1963 da 1964. Sawun da ya bi ya kai shi ga jaridar Boston Morning Post ta ranar Asabar, 23 ga Maris, 1839. A shafi na biyu, cikin wani rubutun barkwanci da ake tsokanar wata jaridar garin Providence, an rubuta "o.k." da ƙananan haruffa, nan take kuma aka biyo ta da fassara, "all correct", wato komai daidai. Editan jaridar a lokacin shi ne Charles Gordon Greene, kuma shi ake jingina wa rubutun.

Ka lura da wannan fassara da aka liƙa mata, domin ita ma hujja ce mai zaman kanta. Marubuci ba ya fassara kalmar da masu karatunsa suka riga suka sani, saboda haka duk inda ka ga an kawo kalma an bi ta da bayani, alama ce ta cewa kana kusa da lokacin haihuwarta, ko aƙalla lokacin shigowarta wannan wuri.

To, amma "all correct" da harafin A da harafin C take farawa, ina O da K suka fito? Nan ne mataki na biyu yake shigowa, wato duba maƙwabtan kalmar a wannan zamani da wannan gari. Tun daga 1838 wani yayi ya kama jaridun Boston na taƙaita jimloli zuwa haruffan farko, daga baya kuma 'yan barkwanci suka ƙara masa gishiri ta hanyar ɓata rubutun da gangan kafin su taƙaita. Sai aka samu O.W. a madadin "all right", kamar an rubuta ta "oll wright". Aka samu K.Y. a madadin "no use", kamar "know yuse". Aka samu K.G. a madadin "no go", kamar "know go", da N.C. a madadin "enough said", kamar "nuff ced". A cikin wannan dangi OK ta faɗo, daga "oll korrect". Abin dariyar shi ne a ce komai daidai da haruffan da babu ko ɗaya daidai a cikinsu. Wanda ya saba ganin matasanmu suna rubuta "slm", "ykk", "lfy" da "ngd" a waya ba zai yi mamakin wannan ɗabi'a ba, illa dai na Boston masu ilimi ne da suke kwaikwayon rubutun jahilai don nishaɗi, kuma a jarida suke yi.

Tambaya ta uku ita ce wadda masu bincike na gaggawa suke tsallakewa: me ya sa wannan ta rayu alhali 'yan'uwanta sun mutu? Babu mai cewa O.W. ko K.Y. a yau, yayi ya wuce da su kamar yadda ya saba. Abin da ya raya OK siyasa ce. A 1840 shugaban Amurka na 8, Martin Van Buren, yana neman wa'adi na biyu, kuma da yake an haife shi a wani ƙaramin gari mai suna Kinderhook a jihar New York, ana yi masa laƙabi da "Old Kinderhook", wato dattijon Kinderhook. Magoya bayansa na jam'iyyar Dimokurat suka ga haruffan laƙabin sun dace da kalmar da ake yayi, sai suka kafa ƙungiya a birnin New York a watan Maris na wannan shekara suka sa mata suna O.K. Club, ta yadda duk wanda ya ɗaga murya ya ce OK ya ambaci ɗan takara kuma ya ce komai daidai a numfashi guda. 'Yan adawa na jam'iyyar Whig ba su bar musu filin ba, suka mayar da haruffan abin zambo, suna fassara su da "out of kash", wato aljihu ya bushe, da "out of kredit", wato babu mai ba da bashi, domin ƙasar tana fama da karayar tattalin arzikin da ta faro a 1837. Van Buren ya sha kaye a hannun William Henry Harrison, wanda ya rasu a watan Afrilu na 1841 bayan wata guda kacal a kan mulki, amma kafin a kai nan haruffan sun shiga kunnen duk wanda yake karanta jarida a ƙasar.

Wani abin lura game da Read shi ne, a 1941 shi da kansa ya wallafa cewa daga wannan ƙungiyar siyasa kalmar ta samo asali, saboda a lokacin hujja mafi tsufa da ke hannunsa ta 1840 ce. Da rubutun 1839 ya bayyana sai ya gyara matsayinsa, ƙungiyar ta koma mai yaɗa kalmar, jaridar Boston ta zama mahaifarta. Idan kana bin diddigin kalma, ka riƙe sakamakonka haka, a shirye ka sake shi ranar da tsohuwar takarda ta fito.

Bayan siyasa sai aiki ya karɓe ta. An buɗe layin wayar tangaraho tsakanin Washington da Baltimore a 1844, kuma da wayar ta yaɗu masu buga ta suka riƙi OK a matsayin alamar cewa saƙo ya iso lafiya, tunda gajeriya ce. Akawuna kuma suka riƙa rubuta ta a kan takardun kaya da na lissafi don nuna an duba. A ganina sauƙin furucinta ma ya taimaka mata wajen ƙetare teku, domin da wuya a samu harshen da ba shi da wasulan nan biyu da baƙin da ke tsakaninsu. A 1961, lokacin tafiyar ɗan sama jannati Alan Shepard, kakakin hukumar binciken sararin samaniya ta Amurka, NASA, John Powers ya yaɗa sigar "A-OK", mai nufin komai lafiya lau, kuma ranar 20 ga Yuli, 1969, OK tana cikin kalmomin farko da ɗan sama jannati Buzz Aldrin ya furta bayan kumbon Apollo 11 ya taɓa duniyar wata. Shigarta kwamfuta kuwa tana da labari mai ban dariya: a farkon shekarun 1980, sa'ad da kamfanin Apple yake gwada kwamfutarsa mai suna Lisa, maɓallin amincewa "Do It" aka rubuta masa, sai wani mai gwaji ya karanta shi a haɗe a matsayin "dolt", wato dolo, ya ji haushin na'urar tana zaginsa, aka canza rubutun zuwa OK. Har yanzu duk shafin intanet da ya buɗe maka lafiya, na'urar da ke ajiye da shi ta aiko wa wayarka amsar "200 OK" a ɓoye.

Yadda za ka auna sauran labaran

Yanzu da kake riƙe da shekarar 1839, ka samu ma'aunin da zai zubar da rabin labaran ba tare da wahala ba. Wanda ya fi yawo a kafafen sada zumunta shi ne cewa sojoji a yaƙin basasar Amurka suna rubuta "0 killed" a allo idan sun dawo ba a kashe kowa ba. An yi wannan yaƙi ne daga 1861 zuwa 1865, fiye da shekara 20 bayan kalmar ta fito a jarida, kuma ɗa ba ya riga ubansa zuwa duniya. Wannan ma'auni shi ne yake kayar da labarin biskit ɗin sojoji mai tambarin sunan Orrin Kendall, wanda shi ma na zamanin yaƙin ne, da kuma da'awar cewa masu tangaraho ne suka ƙirƙiro ta.

Wasu labaran suna zuwa da tsohon kwanan wata, kuma a nan sai ka nemi ganin asalin takardar. An daɗe ana ambaton wata takardar kotu ta 1790 daga Tennessee a Amurka, mai alaƙa da Andrew Jackson, wanda daga baya ya zama shugaban ƙasar, wadda aka ce an rubuta O.K. a cikinta. Da aka duba rubutun hannun da kyau sai aka ga O.R. ne, taƙaitawar "order recorded", wato an shigar da umarni a rajista, mai kwafa ne ya ga R ya ɗauka K ce. Shi kuwa labarin cewa Jackson, shugaban Amurka na 7, bai iya rubutu ba har yana sa O.K. a kan takardu yana zaton haka ake taƙaita "all correct", ka tambayi waye ya fara faɗa kuma me zai samu. Jaridun da ke adawa da jam'iyyarsa ne suka baza shi a tsakiyar yaƙin neman zaɓen 1840, don su nuna cewa Jackson, ubangidan Van Buren a siyasa, jahili ne.

Kashi na uku shi ne na kamannin sauti, kuma shi ya fi yaudarar masu hankali. Girkawa suna da "ola kala", komai lafiya; mutanen Sikotlan suna da "och aye", e mana; akwai tashar jiragen ruwa a Haiti mai suna Aux Cayes, wadda furucinta na Faransanci ya yi kusa da "oke". Kalma mai gaɓa biyu ba za ta rasa mai kama da ita ba a cikin dubban harsunan duniya, saboda haka kama kaɗai ba ta isa ba. Abin da za ka nema shi ne hanya: su wa suka ɗauko kalmar, yaushe, ta ina suka bi, kuma a wace takarda sawunsu ya fito kafin 1839.

Mu ma muna da irin wannan a gida. An daɗe ana maimaita cewa "boko" daga "book" ta fito, saboda sautin ya yi kama kuma ma'anar ta yi kamar ta dace da makarantar da Turawa suka kawo. A 2013 masanin harshen Hausa Paul Newman ya nuna cewa kalmar Hausa ce ta asali mai nufin abin da ba na gaske ba, na jabu ko na yaudara, kamar yadda take a "amaryar boko", wadda ake sakawa a madadin amarya ta gaskiya. Ko ƙa'idar aro ma ba ta goyi bayan tsohon labarin ba: dubi yadda "cook" ta zama "kuku" a bakinmu, ka ga cewa da "book" muka ara, da "buku" za mu ce.

Akwai bayanai biyu da suka cancanci a tsaya a kansu da natsuwa, domin su suna da hanya. Na farko na harshen Choctaw ne, na wata al'umma daga cikin 'yan asalin Amurka, inda ake da kalmar da aka rubuta "okeh", mai nufin "haka ne", wadda 'yan mishan irin su Cyrus Byington suka rubuta a ƙarni na 19. Wannan bayani ya samu karɓuwa har shugaba Woodrow Wilson, wanda ya yi mulki daga 1913 zuwa 1921, yana rubuta "okeh" a kan takardun da ya amince da su, kuma wani kamfanin faifan garmaho da aka kafa a 1918 ya ɗauki sunan OKeh. Kada ka haɗa wannan da jihar Oklahoma, wadda gidan waya yake taƙaita sunanta da OK. Sunan jihar daga Choctaw yake, amma dacewar haruffan katari ne kawai.

Na biyu ya fi kusa da mu. Wajen 1970 masanin harsuna David Dalby ya kawo cewa kalmar ta bi bayin da aka kwasa daga Afirka ta Yamma, yana nuni da "waaw kay" ta harshen Wolof, wato "e, ƙwarai", da "o ke" ta Mandinka. Ba zan ɓoye ba, zuciyar ɗan Afirka tana karkata ga wannan, kuma gaskiya ne cewa an kai masu jin waɗannan harsuna Amurka daga yankin Senegal da Gambiya, gaskiya ne kuma cewa ba a damu da rubuta maganar bayi ba a wancan zamani. Amma ka koma ka dubi abin da ke shafin jaridar Boston: haruffa biyu ne masu ɗigo, an fassara su da "all correct", suna zaune a cikin O.W. da K.Y. da sauran danginsu, kuma wasan da ya haife su a bayyane yake a jaridun wannan gari. Bayanin ya cika ba tare da an nemo aro daga ko'ina ba, kuma babu jerin rubuce-rubuce da ya haɗa Wolof ko Choctaw da wannan shafi. Shi ya sa manyan ƙamusoshin Ingilishi, irin su Oxford da Merriam-Webster, suka tsaya a kan abin da Read ya samo.

Rubuta ta da nuna ta da hannu

Sigogin OK da O.K. da "okay" duk karɓaɓɓu ne a Turanci, kuma saɓanin abin da mutane da yawa suke zato, ta haruffa biyu ce ta asali, "okay" daga baya aka rubuta ta bisa furuci. Kamfanin dillancin labarai na Associated Press yana umartar ma'aikatansa su rubuta OK, wasu masu buga littattafai kuma sun fi son "okay" domin ta fi kama da kalma a tsakiyar jimla. Ka zaɓi ɗaya ka tsaya a kanta daga farkon rubutu zuwa ƙarshe. A takardar neman aiki, ko rahoton hukuma, ko kundin digiri, ka bar ta gaba ɗaya ka ɗauki kalmar da ta fayyace abin da kake nufi, "approved" idan amincewa ce, "satisfactory" idan gamsuwa ce. A rubutun Hausa kuwa, idan kana kawo maganar wani yadda ya faɗe ta, "oke" ta wadatar. Idan maganarka ce, "to" da "shi ke nan" da "daidai ne" da "na amince" suna nan, kuma kowace ta fi ta fayyace manufa.

A saƙon waya tsawon kalmar ma yana magana. Matasa masu Turanci suna ɗaukar harafin K shi kaɗai a matsayin amsar wanda ya yi fushi ko ya gaji da zancen, musamman idan an sa masa ɗigo, yayin da "okay" cikakkiya take fita da taushi, "okey-dokey" kuma ta wasa ce tsakanin waɗanda suka saba.

Alamar hannu da ake haɗa babban yatsa da manuni a yi zobe, sauran yatsu uku a miƙe, tana nufin OK a Amurka da wurare da yawa, amma ka yi hattara da ita a tafiya: a Brazil zagi ce, a wasu sassan Faransa tana nufin sifili, wato abin banza, a Japan kuma tana iya nufin kuɗi. Masu nutso a teku su ne suka riƙe ta da ƙa'ida, suna tambayar juna lafiya da ita suna kuma amsawa da ita, domin a ƙarƙashin ruwa ɗaga babban yatsa sama yana nufin a haura a fita.